Yadda Ake Lissafa Bambancin Lokaci Tsakanin Agadas da Ejura

Masu 'yan'uwa ko abokan ciniki a Agadas da ke zaune a zangon Kumasi ko kasuwar Ejura sun san Nijar ta riga Gana da awa ɗaya. Duk shekara haka yake, don ƙasashen biyu ba sa sauya agogo. In ƙarfe 8 ta yi a Ejura, a Agadas 9 ce. Kai ne a Gana, sai ka ƙara. Wanda ke can shi ke ragewa. Kafin ka tsayar da lokacin waya ko na aika kuɗi, ka faɗi agogon da kake nufi: "ƙarfe 4 na Gana." Kada ka taɓa barin wannan.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne a ɗauki awa ɗayar nan a ɗora kan lokacin salla da buɗa-baki. Agogo dokar gwamnati yake bi, rana kuwa ba ruwanta da iyaka. Ga lissafin: rana na cin digiri ɗaya (ma'aunin nisa a taswirar duniya) cikin minti 4. Layin da ake fara ƙirga lokacin duniya daga kansa ya ratsa ta Tema, kusa da Accra. Kumasi da Ejura na yamma da shi da kusan digiri ɗaya da rabi, Agadas na gabas da kusan digiri 8. Haɗa su, digiri 9 da rabi ke nan, sau 4, minti 38 ko kusa da haka. To, da minti 38 rana ke riga yin tsaka a Agadas, ba da 60 ba.

Wannan ma na azahar ne kaɗai. Magariba ta fi rikitarwa, domin Agadas ta yi arewa sosai, tana digiri 17 daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, Kumasi kuwa ba ta cika 7 ba. A watan Yuni yini na haura awa 13 a can, sai ka ga rana ta faɗi a Agadas da kamar minti 20 kacal kafin Kumasi. A Disamba, lokacin hunturu, tazarar na kai kusan awa guda. Saboda haka in ɗan'uwanka ya ce sun sha ruwa, kai ka jira ladanin unguwarku. Jadawalin salla kuma na garinka za ka riƙe. A masallaci ake samu, ba sai ka ƙona data ba.

Matafiyi ta ƙasa kada ya taɓa agogonsa a Burkina Faso ko Togo, lokacinsu ɗaya da Gana. Sai an shiga Nijar ko Jamhuriyar Benin ake ƙara awa. Waya kan gyara kanta in ta kama layin ƙasar, amma a daji takan makara, don haka ka gyara da hannu. Lokacin da ke jikin saƙon WhatsApp na wayarka ne, ba na mai aikowa ba.