Babi na Shida: Abincin Ƙasa da Karatun Buhun Taki

Darasi na 1

'Yan'uwa, kowa ya shimfiɗa buhun taki a gabansa, rubutun yana kallon sama. Akwai baƙaƙe uku: N, P, K. Sunayen abinci uku ne da shuka ke sha daga ƙasa. N ke sa ganye ya yi kore shar. P na saiwa ne. K ke ƙarfafa kara ya sa ƙwaya ta cika.

Kusa da baƙaƙen akwai lambobi uku, misali 20-10-10. Lamba ta farko ta N ce. Ku ɗora yatsa a hagu. Hagu, hannun da ba a cin tuwo da shi. Daga nan boko ke farawa, ba daga dama ba kamar karatun allo. Wanda ya faro daga dama ba laifinsa ba ne, hannu ne ya saba tun yana yaro. A sake: yatsa a hagu, 20, N ke nan. A matsa dama, 10, P. A ƙara matsawa, 10, K.

A buhun 15-15-15 kuskuren ba ya fitowa, shi ya sa wasu ke cewa sun iya. To ku dawo kan 20-10-10. Daga ina za a fara? Hagu. Mako uku muna kan wannan, jiya kuma wani dattijo ya ce mini K ce ke da 20. Haba Baba! A gida ma a riƙa dubawa mana. Yatsa a hagu.

Darasi na 2

Abin da dawa ta sha daga ƙasa yana cikin karanta da ganyenta. In dabbobi sun ci, kashinsu ya koma gona, gara da ruwan sama suka ruɓar da shi, abincin ya dawo inda ya fito. In kuka cinna wa karan wuta, N ya bi hayaƙi, sai K ya rage a toka. Ku tuge wake ko gyaɗa ku duba saiwar: ƙananan ƙullutun nan su ke kamo N daga iska. Gawo kuma da damina yake zubar da ganye, shi ya sa gero ke kyau a gindinsa. Kada a sare shi.

Darasi na 3

Buhun yuriya lambarsa 46, duk N ce. In an zuba, a rufe da ƙasa, in ba haka ba iska ta kwashe. Ku rubuta 46 sau biyar a littafinku.