Shawara ga masu ƙira da wutar gas a gida

Salamu alaikum, 'yan'uwa maƙera, musamman na unguwar Maƙera Assada a Sakkwato da suka fara haɗa zuga-zugi da wutar gas.

Kafin ku kunna, ku shafa ruwan sabulu a tiyo da bakin tukunyar gas. In ya yi kumfa, gas na zurara. Kada a gwada da ashana, don Allah. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ƙira a zaure rufaffe ganganci ne.

Zafin Sakkwato a Afrilu kan haura digiri 40, saboda haka tukunya ta zauna tsaye a inuwa, nesa da wutar ƙira. Mai tukunyar oksijin kuwa, kada giris ko baƙin mai ya taɓa kan tukunyar, yana iya kama wuta.