Yadda za ka haɗa intanet mai sauri a gida ko kebul bai iso unguwarku ba

Jama'a da yawa sun ɗauka in ba a ja maka kebul ɗin faiba har cikin gida ba to ba za ka taɓa samun intanet mai kyau ba, alhali ba haka abin yake ba. Tun watan Disamba na 2009 da aka fara kunna 4G a biranen Stockholm da Oslo, intanet ɗin da ke zuwa ta iska ya fara kai wa inda kebul bai kai ba, 5G kuma ya shigo a 2019. Rauta kawai kake buƙata mai cin sim, ta kamo sabis daga ƙarfen sabis mafi kusa da kai, ta raba wa mutanen gida ta Wi-Fi.

Amma don Allah kar ka fara da sayen rauta. Fara da gwaji. Ka ari layukan kamfanoni biyu ko uku, ka sa a wayarka ka gwada sifid ɗinsu a cikin gidan, da safe sau ɗaya, da daddare ma sau ɗaya, saboda ƙarfen sabis ɗaya jama'ar yankin duka suke rabawa, to layin da ke gudu da asuba yana iya komawa tafiyar hawainiya bayan isha'i lokacin da kowa ya buɗe bidiyo. Wanda ya riƙe da daddare shi ne naka.

Sai wajen ajiye rautar, kuma a ganina nan ne mutane suka fi yin asara. Za ka ga an sayi rauta mai kyau an tura ta bayan talabijin ko ƙasan tebur, sannan a ce sabis ba kyau. Bangon siminti da rufin kwano da ƙarfen taga duk suna cinye sigina. Ka kai ta bakin taga, a sama, ɓangaren da ke kallon ƙarfen sabis. Kuma kar ka yarda da sandunan nan na jikinta masu nuna ƙarfin sabis, ka shiga shafinta ta burauza, adireshin yana rubuce a bayanta, irin su 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, ka nemi lambobi biyu, RSRP da SINR. RSRP ƙarfin siginar ne, in ka ga wajen -80 to ka dace, in ya gangara -110 ya yi rauni sosai. SINR kuma tsaftar siginar ce, 20 zuwa sama lafiya lau, in ya kusa 0 hayaniya ta yi yawa. Ka riƙa matsar da rautar kaɗan-kaɗan kana jira minti ɗaya kana duba lambobin, wallahi taku biyu kacal yana iya canja komai.

In cikin ɗaki ya ƙi, sai eriyar waje. Ka tabbata rautarka tana da ramin saka eriya, kuma ka nemi eriya mai kebul biyu don 4G da hanyoyi biyu yake karɓar data a lokaci guda. Kebul ɗin ya zama gajere, in ya yi tsawo abin da eriyar ta kamo a hanya zai zube. Kar ka manta da haɗa ta da ƙasa saboda tsawa.

Wani abu kuma, kafin ka biya ka duba ko rautar tana kama mitar da kamfanin yake amfani da ita, wato zangon da yake watsa siginarsa a kai kamar na gidan rediyo. Ƙananan mitoci kamar 700 da 800 MHz sun fi tafiya nesa da ratsa bango, irin su 3500 MHz sun fi gudu amma ba sa nisa. Ka kuma karanta sharaɗin datar da kyau, wadda aka ce ba ta da iyaka sau da yawa akwai adadin da in ka kai za a rage maka sifid.

Inda babu ƙarfen sabis kwata-kwata, sai tauraron ɗan Adam. Tsofaffin suna can sama kilomita 35,786, shi ya sa saƙo ke ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, kiran bidiyo ya riƙa jinkiri. Na kamfanin Starlink kuwa 'yan ɗaruruwan kilomita kawai suke, jinkirin kaɗan ne, sai dai farantin yana son sararin sama a buɗe ba bishiya ba gini, ruwan sama mai ƙarfi yana rage shi, kuma sai ka duba ko an ba shi lasisi a ƙasarku.

Da ka gama saiti, ka canja faswod ɗin Wi-Fi da na shafin rautar duka biyun, don wanda suke zuwa da shi daga kamfani ba wuyar ganowa gare shi ba.