Kafin ka rataya jakar inshora a Kumasi

Duk yaron da ya sauka Kumasi ba jari a hannunsa, kafin ya yi wata biyu sai wani ya raɗa masa maganar inshora. Wai ba haya, ba kaya, bakinka ne jarinka, ga kamasho duk wata. Maganar kuwa tana shiga kunne, domin baƙo a nan ba ya buɗe shago yadda ya ga dama. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa na cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, wanda kuma ya ga yadda aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota, a 2019 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai ka ga mutum ya sayi farar riga da jakar hannu ya faɗa babbar kasuwar Kejetia yana raba takardu, alhali ko aji bai taɓa zama ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a ƙofar masallaci bayan isha'i, shi ya sa na rubuta.

A Gana ba a sayar da inshora sai da lasisi. Hukumar da ke bayarwa ita ce NIC, wato hukumar kula da inshora ta ƙasa, hedikwatarta tana Akra, tana kuma da ofis a nan Kumasi. Dokar da take aiki da ita ta 2021 ce, Act 1061, wadda ta maye gurbin Act 724 ta 2006. In ka taɓa yin aikin a Kano ƙarƙashin NAICOM, hukumar inshora ta Najeriya, ko a Yamai ƙarƙashin tsarin CIMA na ƙasashen renon Faransa, sanin da ka yi zai amfane ka, amma takardar ba ta ƙetare iyaka tare da kai ba. Kuma ba kai kaɗai za ka tashi ka je ka karɓo lasisin ba. Kamfani ne zai ɗauke ka, a horar da kai, a gwada ka, sannan ta hannunsa sunanka zai isa hukuma. Tun dokar 2006 aka raba kamfanonin inshorar rayuwa da na dukiya, wato mota da gobara da kayan jirgin ruwa, don haka tun daga ƙofa ka san wanne ka shiga. Ka kuma san cewa kai ejan ne, wakilin kamfani. Dillalin inshora daban yake, shi kamfani ne mai jarinsa da nasa lasisin, kuma mai saye yake wakilta. Kada ka buga wa kanka kati da sunan da ba naka ba.

Karatun kansa ba ya da tsawo, kuma ba shi ne abin tsoro ba. Akwai Ghana Insurance College a Akra, makarantar da masu sana'ar suka kafa a 2006, kamfanoni kuma suna da nasu horon na cikin gida. Da Turanci ake yi. Za a koya maka cewa ba ka yi wa abu inshora sai in ɓacinsa zai taɓa aljihunka: shagonka i, shagon maƙwabcinka a'a. Za a koya maka cewa mai saye dole ya faɗi gaskiya duka, wanda ya ɓoye hawan jini a fom ya jawo wa magadansa rigima ranar biya. Diyyar dukiya mayar da mutum take yi inda yake kafin asara, ba riba ba ce, kuma ko kamfani biyu ya yi wa rajista ba zai karɓi biyu ba, raba nauyin za su yi. Sai batun gano ainihin abin da ya jawo asarar, da haƙƙin kamfani na bin wanda ya yi ɓarnar bayan ya biya. A ƙara da ladabin sana'a da dokar hana halatta kuɗin haram ta 2020, wadda ta sa dole ka san wanda kake cika wa fom. Duk wanda ya zauna gaban malami ya haddace Ahalari zai iya da wannan. Masu faɗuwa galibi waɗanda suka riƙa fashin aji ne suna bin kasuwa.

Inda ake zubar da hawaye wajen takardu ne, kuma nan nake so ka natsu.

Kwana 90 ɗin da ɗan ECOWAS yake samu ba tare da biza ba na ziyara ne. Ba izinin zama ba ne, balle na aiki. Waɗannan a hukumar shige da fice ta Gana ake nemansu, kuma kamfanin kirki ba zai tura sunanka gaba ba sai ya ga matsayinka a rubuce. 'Yan'uwanmu na Nijar su ƙara sa ido, tunda ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025; su je ofis da ƙafarsu su ji matsayin takardunsu, kada su dogara da hirar tasha. Sai Ghana Card, wato katin shaida na ƙasa. Baƙo yana da nasa na daban, wanda hukumar NIA ke bayarwa, ana biyan kuɗi a kansa, ana kuma sabunta shi duk shekara. Tun 2021 lambar da ke jikin katin ita ce lambar harajin mutum, kuma ba asusun banki, ba layin waya mai rajista sai da shi. Kamasho kuwa ta banki ko MoMo, wato asusun kuɗi na waya, yake zuwa. Ka ga ashe in babu katin, ko ka ci jarrabawa da lamba ɗaya, a tsaye kake.

A nan ne shaiɗan yake zuwa da murmushi. Wani zai ce maka, haba, kai da kake jin Hausa, wa zai bambanta ka da ɗan zangon Aboabo? Kawo wani abu, a samo dattijon da zai rantse cewa ɗan ƙanensa ne kai, ka karɓi katin ɗan ƙasa kyauta. Ƙanena, kada ka yi. Laifi ne a doka, kai da wanda ya tsaya maka. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba kai kaɗai kake cuta ba. Hausawan zango a nan ba jiya suka zo ba. Kakanninsu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja da Salaga, wasu sojoji ne, wasu malamai, sun kafa unguwanni da makarantu da sarautarsu. Sun ga korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia, gidaje sun rabu, waɗanda suka saura har yau in sun je karɓar fasfo sai an tsare su da tambayar ina aka haifi kakansu. Duk katin ƙarya ɗaya da aka kama, jikokin waɗannan mutane ne za a ƙara matsa wa. Sun ba ka masauki, sun ba ka koko da ƙosai kana baƙo, ba wannan ne tukuicinsu ba.

Sai suna. Mu dai Allah ya yi mu da sakaci wajen rubuta suna. A takardar makaranta Mohammed, a fasfo Muhammad, wanda ya fito daga Maraɗi kuma Mahamadou. Wani ya sa sunan mahaifi a nan, can ya sa sunan garinsu. Ranar haihuwa kuwa ta ɗaya ga Janairu ce a takarda guda, wata daban a ɗayar. Ni a kan haka fayil ɗina ya kwana. Ina tuna matar da ke karɓar takardu a kamfanin da ya ɗauke ni: ta jera satifiket da fasfo da kati a kan tebur, ta ɗora rula a ƙarƙashin sunan, tana bi harafi bayan harafi da jan biro, ko ɗago kai ba ta yi ba. Da ta gama sai ta tura mini su da yatsa biyu, ta ce mutum uku ta gani, wanne ne ni? Na yi rantsuwa, na kawo wanda ya san ni, duk a banza. Sai da na je kotu aka yi mini takardar rantsuwa cewa sunayen duk na mutum ɗaya ne. Kafin nan waɗanda muka zauna aji tare sun fara karɓar kamasho, ni ina bin trotro, ƙananan bas ɗin haya, da ambulan a hammata. Kuma nawa mai sauƙi ne. In canjin suna ne sosai, a nan sai an buga shi a gazet ɗin gwamnati, in kuma kuskuren a jikin fasfo yake, gyaransa yana hannun ƙasar da ta ba ka. Don haka tun yau ka shimfiɗa takardunka a tabarma ka karanta su da idon maƙiyi.

Kamfanoni kan nemi shaidar gama sakandare. Mai WAEC ya huta, domin hukuma ɗaya ce ke yi wa Gana da Najeriya da Saliyo da Laberiya da Gambiya jarrabawa. NECO ta Najeriya ce kaɗai, sai ka yi shirin yin bayani. Mai takardar Faransanci ya nemi fassara mai hatimi, ba wadda ɗan ɗakinsu ya buga masa a shagon kwamfuta ba. Wasu kamfanonin suna son rahoton 'yan sanda da mutanen da za su tsaya maka, kuma a nan zama lafiya da maigidanka na zango yake rana.

Saboda wannan jiran ne yara suke bin gajeriyar hanya, wato sayarwa da lambar wani. Wani mai lasisi zai ce kai dai kawo mutane, ni zan shigar da su da sunana, mu raba. A takarda babu kai. Ranar da ya ga dama ya hana ka, ba ka da inda za ka kai ƙara, domin kai ma a kan laifi kake. Wani yaro a unguwarmu haka ya yi ta karɓar kuɗin direbobi a hannu yana kai wa ogan nasa, shi kuma yana ba shi sitika. Rannan 'yan sanda suka tsayar da ɗaya daga cikin direbobin a hanyar Tafo, aka duba, motar ba ta cikin rajista. Direban bai san oga ba, ƙofar gidan yaron ya sani. Da magariba ya zo da 'yan tasharsu, sai da dattawa suka fito da carbi a hannu aka zauna, aka yanka wa yaron biya kaɗan-kaɗan. Oga kuwa wayarsa a kashe. Abin haushin shi ne, tun 2020 NIC ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci, kowa zai iya danna *920*57# a ƙaramar wayarsa, ya sa lambar mota, ya ga ko inshorar ta gaske ce. Tun 2014 kuma doka ta ce in kuɗi bai shiga hannun kamfani ba, babu kariya. Kuɗin da ya kwana a aljihunka bai kare kowa ba. Ka sa mutum ya biya kai tsaye ta hanyar kamfani, rasit ya shigo wayarsa yana gani.

Kada wannan ya sa ka zaci aikin ba shi da albarka. Mutanenmu suna buƙatarsa, kuma sun fi sakin jiki da wanda zai yi musu bayani da Hausa. Inshorar mota ta kare wanda aka buge dole ce tun dokar 1958, masu manyan motocin da ke ɗauko albasa da shanu daga arewa kuma suna buƙatar katin inshora mai ruwan ƙasa na ECOWAS, wato Brown Card, don ƙetare iyaka. Gobarar Kejetia ta 2023 da ta Kantamanto a Akra a farkon 2025 sun sa 'yan kasuwa da yawa sun fara tambaya. Amma su ɗin mutane ne da suka ga kamfanonin zuba kuɗi na DKM da Menzgold sun tafi da kuɗin jama'a, don haka hajiyar da ke sayar da atamfa za ta ce nuna mini shaidarka, kuma tana da gaskiya. Ka koyi Twi, harshen Asante, ko na gaisuwa da ciniki ne, kasuwar ba ta zango kaɗai ba ce. Ka kuma lura da abin da kake tallatawa. Inshorar jana'iza tana tafiya sosai a wajen Asante, inda biki ne na kwanaki da kashe kuɗi, mu kuwa da ake sallatar gawa a binne a yini ɗaya, ta karatun yara ta fi shiga ranmu. Za a tambaye ka halacci, babu makawa. Malamai sun yi magana a kai, wanda ya zo daga Najeriya ma ya san takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. Ka je wurin malaminka kafin ka biya kuɗin aji, ba bayan ka sa mutum ashirin a ciki ba.

Batun kuɗi kuma, watannin farko kusan babu komai, domin mafi yawan ejan ba su da albashi sai kamasho. Masu gida a nan suna neman hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta ce, saboda haka kada ka taɓa kuɗin ɗaki da sunan za ka mayar in an biya ka. A inshorar rayuwa, in mutumin da ka kawo ya daina biya da wuri, kamfani yakan cire kamashon da ya riga ya ba ka daga na gaba. Kafin ka sa hannu a yarjejeniya ka ce a nuna maka wannan sakin layin, a kuma gaya maka wata nawa ne.