Darasi na 7: Farfaɗiya da Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke fama da ita, kuma bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace.

To, sauran ukun fa? Idan likita ya gwada magani iri biyu, an sha yadda ya ce, ba fashi, amma ciwon bai daina tashi ba, lokaci ya yi da za a tambayi zancen tiyata. Da an ce za a buɗe kai, sai gaban mutum ya faɗi. Ba laifi ba ne. Amma aikin ba sabo ba ne, tun 1886 likita Victor Horsley ya yi shi a Landan.

Ba kowa ake yi wa ba. Sai an gano ainihin inda ciwon ke tasowa. Za a kwantar da mutum 'yan kwanaki, a manna masa ƙananan wayoyi a fatar kai, kyamara na kallonsa dare da rana, har ciwon ya tashi, na'ura ta rubuta. Wannan gwaji shi ne EEG. Sai kuma hoton MRI, wanda ke nuna cikin ƙwaƙwalwa. Idan wuri ɗaya ne, kuma cire shi ba zai taɓa magana ko motsi ba, ana iya yin aikin.

A 2001 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum 80 a Kanada. Bayan shekara guda, kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka ware domin tiyata sun daina faɗuwar da ke gusar da hankali. A ɓangaren masu shan magani kawai, kashi 8 ne.

Akwai haɗari, kada a ɓoye: zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, mantuwa, ko raunin gani ta gefe ɗaya. Kuma bayan aikin ba a yar da magani, sai likita ya ce.

Aikin gida: Sami ƙaramin littafi. Duk ranar da ciwon ya tashi, rubuta kwanan wata, lokaci, minti nawa ya ɗauka, da gefen jikin da ya fara motsi. Tafi da shi wurin likita, ka tambaye shi: "Likita, ciwona irin wanda ake yi wa aiki ne?"