Kurakuran da kurata ke maimaitawa a atisayen bindigar lagwani da dogon mashi

Duk mai koyon atisayen dakarun ƙasa na Turai irin na ƙarni na 17, ya sani tun farko: lagwani ne abokin gabarsa na kusa. Igiya ce mai cin wuta a bakinta biyu, kai kuma ka rataya 'yan kwalaben katako wajen 12 a ƙirji, kowanne cike da albarushi.

Kuskuren da ya fi ƙona rai shi ne ɗuri alhali lagwani na maƙale a bakin kunama, wato ƙarfen da ke kai wutarsa ga albarushi. Haba! Da ka harba, zare shi, ka riƙe tsakanin yatsun hannun hagu. Hura ɗan kaskon da ke gefen bindiga don kashe sauran tartsatsi, zuba albarushin kunnawa, rufe murfi, karkaɗe abin da ya zube, sake hurawa. Sai bayan nan ka juya bindiga, ka ɗura albarushi da dalma, ka danna da sanda. Masu gaggawa hurawa ta biyu suke tsallakewa, kuma ita ce ke hana wuta tashi a fuska. Ba don ado Jacob de Gheyn, wani mai zane na ƙasar Holland, ya zana matakai 42 na ƙaramar bindiga, 43 na babba da 32 na mashi a littafinsa na 1607 ba. A yaƙin Edgehill na Ingila a 1642, wani soja ya cusa hannu cikin gangar albarushi da lagwani mai ci a yatsunsa, mutane suka hallaka. Ni dokata ɗaya ce: mai lagwani a kunne ba ya zuwa ɗibar albarushi, sai ya miƙa wa na kusa da shi.

Na biyu, kasko ya yi wuta amma bindiga ba ta tashi ba, kurtu bai lura ba cikin hayaƙi, ya ƙara ɗuri a kan ɗuri. Haka ƙarfen ke tsagewa. Yi wa sandar ɗurinka alama daidai inda take tsayawa a bindigar da babu komai ciki. In alamar ta leƙo sama, akwai kaya. 'Yan bindigar hawan sallah ma suna ɗuri ta baki, wannan ya shafe su.

A dabarar Maurits na Nassau, kwamandan sojojin Holland, sahun gaba ya harba, ya bi ta tsakanin layuka ya koma baya ya ɗura. In kun matse babu hanyar wucewa, kun ɓata komai.

Masu mashi kuwa, ku daina yanke shi don ya yi sauƙin ɗauka. Tsawonsa wajen mita 5 ne, kuma wanda nasa ya fi tsawo shi ke fara suka. In mahaya suka taso, kafa gindinsa a cikin ƙafar dama, tsini saitin ƙirjin doki.

Kar a manta sandar ɗuri cikin bindiga, kar a jefar da gwafar ɗora ta. Kurata sama suke harbi, don haka a saita gwiwar abokan gaba.