Darasi na Bakwai: Yadda Gado Ke Gina Kan Kifi da Bakinsa

Kafin ranar wannan darasi, malami ya roƙi mutum uku su zo aji da ɗanyen kan kifi: na tarwaɗa, na karfasa, da na tsage idan an dace. A Yawuri ko Argungu samunsu ba wuya, ko wurin masu banda aka je da safe za a samu. A jera su a faranti, kowa ya matso ya taɓa.

Kan tarwaɗa a baje yake kamar an danne shi da dutse, bakinta mai faɗi, ga gashin baki guda 8 da take laluben abinci da su a cikin laka. Tsage kuwa haƙoransa kamar ƙusoshi suke, na sama suna shiga tsakanin na ƙasa, ko ya rufe baki ana ganinsu. Karfasa ɗan bakinta ƙarami ne. Wanda ya taɓa kallon gasar su a Matan Fada ta Argungu ya san bakin giwan ruwa, wangameme, mai haɗiye kifi ɗungurungum. Bakin ƙurungu a ƙasa yake, domin a ƙasa yake kiwo. Dukansu ruwa ɗaya suke sha, amma kowa da irin bakinsa.

Da aka yi wannan darasi a wani aji, wani dattijo masunci ya ce, "Malam, ai wannan ba abin tambaya ba ne. Haka Allah Ya halicce su."

Malamin ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Yaro ma Allah ne Ya halicce shi, amma in ya ɗauko hancin kakansa kowa na cewa gado ne. To, hanyar da gadon yake bi muke so mu gani."

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, a kansa kuma aka jera umarnin yadda za a gina jiki. Kowane guntun umarni shi muke kira ƙwayar gado. Kifi yana da su dubbai, rabi daga uwa, rabi daga uba.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san cewa a ruwa mai ɗumi ƙwai yakan fashe bayan kwana ɗaya ko ɗan fiye da haka, kuma 'ya'yan sukan yi kamar kwana 3 ba su cin komai, gwaiduwar da ke manne a cikinsu suke tsotsa. Ba ƙin abinci suke yi ba, bakin ne bai kammala ba. Tun ɗan kifin yana cikin ƙwai, wasu ƙwayoyin jiki sukan taso daga wurin da ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya ke tsirowa, su gangaro gefen kai kamar 'yan ci-rani, su taru a jere a lanƙwashe kamar bakan harbi, baka bayan baka. Bakan farko shi ke zama muƙamuƙi. Na biyu ya zama abin da ke tallafe shi, na bayan kuma su riƙe jajayen nan da kifi ke numfashi da su, waɗanda muke kira kunnen kifi. Da guringuntsi ake fara ginin, ƙashi daga baya yake zuwa. Ƙwayoyin gado su ne ke gaya wa kowane rukuni inda zai tsaya, da abin da zai zama, da lokacin da zai daina girma. Muƙamuƙin mutum ma da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina shi a cikin mahaifa.

Yaya aka yi aka sani? Akwai wani ɗan kifi daga ƙoramun Indiya, bai kai tsawon yatsa ba, mai zane irin na jakin dawa. Ɗansa garai-garai yake kamar gilashi, ana kallon ginin kansa yana da rai. A 1996 masana a Jamus da Amurka suka bayyana ɗaruruwan irin wannan kifi da aka lalata musu ƙwayar gado ɗaiɗai. A cikinsu akwai wanda muƙamuƙinsa na ƙasa ya ƙi girma, baki ya zauna a hangame, ba ya rufuwa. Ƙwayar gado guda ɗaya ce ta jawo haka.

Amma inda labarin ya fi daɗi shi ne wajen dangin karfasa. A Tafkin Malawi kaɗai akwai ɗaruruwan irinsu, kuma galibi baki ne ya raba su. Wani yana kankare gansakuka daga jikin dutse, wani yana zuƙe ƙananan halittu da ke yawo a ruwa, wani yana murƙushe katantanwa. Masana suka ɗauki biyu, mai kankara wanda muƙamuƙinsa gajere ne kakkaura, da mai zuƙa wanda nasa siriri ne mai ɗan tsawo. Suka haɗa su suka haihu, suka auna muƙamuƙin jikokin ɗaya bayan ɗaya. A 2005 Craig Albertson da abokan aikinsa suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna bmp4 tana da hannu a wannan bambanci. Abin lura a nan shi ne dukan kifayen biyu suna da ita. A wajen mai kankara ne take aiki da ƙarfi a muƙamuƙi tun yana ɗan tayi, sai ƙashin ya yi kauri. Kamar maƙera biyu ne masu ƙarfe ɗaya da wuta ɗaya, wannan ya ƙera gatari, wancan ya ƙera lauje.

A Tafkin Tanganyika har akwai wani mai cin ɓawon jikin sauran kifaye, bakinsa a karkace, na wasu dama, na wasu hagu, gwargwadon gefen da yake kai farmaki.

Yanzu a koma kan farantin. A buɗe bakin karfasa, a yanka ta ƙasan haɓa, a sa yatsa can cikin maƙogwaro. Za a ji wani ɗan ƙashi mai kusurwa uku, mai kaushi kamar zarto. Muƙamuƙi ne na biyu. Na waje ɗauko abinci yake yi, na ciki shi ke niƙa. Mata masu gyaran kifi sun sha jefar da shi ba su san aikinsa ba. Wani ɗan uwan karfasa a Tafkin Biktoriya, idan ya tashi yana cin katantanwa, wannan muƙamuƙin na ciki yakan yi ƙarfi, haƙoransa su yi faɗi kamar turame. Idan abinci mai laushi aka ba shi, ba ya yin haka, ko da iyayensu ɗaya. Ke nan gado yana ba da tsari, abinci da ruwa kuma suna da nasu rabon.

Wannan ya shafi mai kiwon kifi kai tsaye. Idan ka je sayen 'ya'yan tarwaɗa, kada ka tsaya a ƙirga kawai. Ɗebo guda 20 a farar roba, ka dube su ta sama. Mai karkataccen baki, ko wanda muƙamuƙinsa na ƙasa ya gaza na sama, ko mai gajeren marfin kunne, ba zai iya kokawar abinci da 'yan uwansa ba, kuma tarwaɗa ba ta jin kunyar cinye ƙanenta. Ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. In sun yi yawa, ka tambayi mai ƙyanƙyasa daga ina iyayen suka fito. Wasu sukan yi shekaru suna ɗaukar uwa da uba daga tsatso ɗaya don gudun kashe kuɗi, wa yana haɗuwa da ƙanwa, har gurɓatacciyar ƙwayar gado da ke ɓoye ta haɗu da irinta ta bayyana. Arha ce mai tsada a ganina.

Sai dai kada a ɗora wa gado laifin kowace nakasa. Ruwan ƙyanƙyasa da ya yi zafi fiye da kima, ko ƙarancin iska a cikinsa, yana iya ɓata ginin kai a waɗancan kwanakin farko. Abincin da ya daɗe a ajiye cikin zafi yakan rasa bitamin C, ƙarancinsa kuma yana raunana ƙashi da guringuntsi, har ana danganta shi da ciwon tsagewar kai da ke kama tarwaɗa. In nakasar ta fito a 'ya'yan uwa ɗaya kaɗai, a fara zargin iri. In ta game kowane kwandon ƙyanƙyasa, a duba ruwa da abinci. Ko ma dai mene ne, kifi mai karkataccen baki tukunya ake kai shi, ba a barin shi iri.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan kifi uku da ake kamawa a garinsu. A gaban kowane suna ya rubuta inda bakinsa yake, sama, gaba ko ƙasa, da abin da ya taɓa gani a tumbinsa lokacin gyara. Wanda bai iya rubuta wata kalma ba ya zana kan kifin, mu rubuta ta tare a allo ranar Laraba.